Kwaɗon Mafarki da Kwaɗon Bayan Taga

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya ajiye sai dare.

Wata huɗu cur abokina ya yi ba ya cin abincin da hannuna ya taɓa. Tare muka fara digiri na biyu a Jami'ar Maiduguri, sufabaizanmu ɗaya, kuma ɗaki ɗaya muke kwana a gidan kawuna da ke dillancin dabbobi a Kasuwar Shanu. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta amma kar in kama suna. Duk wannan gabar kuwa a kan kwaɗo aka yi ta.

Ga yadda abin ya faro. Ya riƙa mafarki kusan kullum yana ganin kwaɗi. Wani lokaci suna fitowa daga cikin takalminsa, wani lokaci suna hawa katifa, ya buɗe jakar littattafai ya tarar da su cike. Sai ya farka yana gumi. Da abin ya ishe shi ya tura wa wani mai fassarar mafarki da ya gani a TikTok saƙo, haɗe da kuɗin "sadaka". Cikin minti goma amsa ta dawo: ai kwaɗo sunansa kwaɗo, abin kulle ƙofa, don haka wani na kusa da kai ya kulle maka karatu. To wa ya fi kusa da shi? Ni. Kuma a lokacin an amince da babi na uku na aikina, nasa an dawo masa da shi sau biyu. Shi ke nan, lissafi ya fita.

Abin da mai fassarar bai tambaya ba shi ne inda abokina ya kwana a daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024. Duk wanda yake garin nan ya san daren. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa. Gidan zoo na Sanda Kyarimi ya cika, har hukuma ta yi gargaɗin cewa macizai da kadoji sun fito cikin gari. Mu kanmu a saman katanga gari ya waye mana. Da ruwan ya janye muka dawo, abin da muka fara tararwa a ɗakin, bayan laka da wari, kwaɗi ne. A cikin takalma, a ƙarƙashin katifa, a cikin jakar da takardun bincikensa na wata shida suka narke. Kun ga kuwa mafarkin nasa bai ƙara komai ba a kan abin da idonsa ya gani.

Kar wani ya ce ɗan boko ya zo ƙaryata mafarki. Wallahi ban isa ba. Mafarki na gaskiya yana nan, Suratu Yusuf shaida ce. Abin da nake cewa shi ne addinin namu bai zuba duk mafarkai a kwando ɗaya ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka kawo daga Abu Huraira an kasa mafarki kashi uku: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma abin da mutum yake ta saƙawa a ransa ya gan shi cikin barci. Abin sha'awa, wanda ya karɓo hadisin daga Abu Huraira shi ne Muhammad ɗan Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, wanda duk mai fassara a yau yake fakewa da sunansa. Kashi na ukun nan shi muke tsallakewa, don ba a biyan kowa kuɗi a kansa.

Mu ma ɗauka cewa mafarkin na fassarawa ne. Littafin da ake jingina wa Ibn Sirin, wanda malamai da dama suke shakkar shi ya rubuta, ya kawo kwaɗo guda a matsayin mutum mai yawan ibada. In kuma kwaɗin sun yi yawa a gari ya ce alamar azaba ce, saboda suna cikin abubuwan da aka saukar wa mutanen Fir'auna tare da ambaliya da fara da ƙwarƙwata da jini, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf aya ta 133. A wannan ƙasar ta Masar ɗin dai, mutanen da can suna ɗaukar kwaɗo alamar haihuwa da yabanya, saboda yakan cika ƙasa bayan kogin Nilu ya yi ambaliya ya bar musu taki a gonaki. A Sin kuwa 'yan kasuwa suna ajiye gunkin kwaɗo mai ƙafa uku a shago wai don ya jawo kuɗi. Dabba ɗaya ce, kowa ya rataya mata abin da rayuwarsa ta koya masa.

Shi ya sa wasa da kalma da mutumin nan ya yi ya fi komai ba ni haushi. A Hausa kwaɗo uku ne: na ruwa, na ƙofa, da na zogale da ƙuli-ƙuli. Me ya sa bai ce abokina zai ci kwaɗon zogale ba? Don wannan fassarar ba ta kawo kuɗin karya asiri. Sannan a garin nan da muke zaune da Barebari da Shuwa da Babur da Margi, in wanda a yarensa sunan wannan dabba bai haɗu da na abin kulle ƙofa ba ya yi mafarkinta, shi kuma me za a ce masa?

Ana ba da labarin mutum biyu da suka je wa Ibn Sirin, kowanne ya yi mafarki yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai je Hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, saboda ya dubi halin kowannensu. Ma'ana mai fassara na gaskiya sai ya san mai mafarkin. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik ya yi tir da wanda bai sani ba ya riƙa fassara mafarki, don a wurinsa wasa ne da wani yanki na annabta. Yau kuwa mutum bai san sunanka ba, bai san garinku ba, ya yanke hukunci a kan abokinka kafin shayinsa ya huce.

Ku dubi kuma mafarkin sarkin Masar, shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai suka cinye. Kullum na ratsa kara da safe na ga shanun da aka sauke daga mota sai na tuna shi. Da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fassara, ya haɗa da abin yi: a yi noma shekara bakwai, a adana hatsi a cikin zangarniyarsa. Fassarar ta ceci ƙasa daga yunwa, ba ta nuna wa sarki wani bafade ta ce ga maƙiyinka ba. Wannan shi ne ma'aunina yanzu. Duk fassarar da ta bar ka da zargin mutum da lambar akawun, ka yi mata kallon tsanaki. Suratul Hujurat aya ta 12 ta riga ta gargaɗe mu a kan yawan zato.

Wanda ya warware mana matsalar wani dattijo ne, limamin ƙaramin masallacin layinmu. Kawu ne ya lura ba ma magana ya kai mu gabansa. Ya saurari abokina har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, me ke bayan tagar ɗakinku?" Kududdufi ne, tun ambaliya bai ƙafe sosai ba, da damina ta dawo ya sake cika. Mazan kwaɗi da dare suke kuka suna kiran mata, kuma sananne ne cewa ƙarar da kunne yake ji cikin barci takan shiga mafarki. Malam ya tuna masa abin da aka koyar a kan mummunan mafarki: ya yi tofi sau uku ta hagu, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya yi ta yaɗawa. Sai ya ƙara da cewa, "In bai daina ba ka je asibiti, tsoron ruwan nan bai fita daga jikinka ba."

Nan ne inda muke da rauni, mu 'yan Arewa. Maimaita mummunan mafarki bayan mutum ya tsallake rijiya da baya alama ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai, kuma ana maganinta. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a hanyar Baga, amma ɗalibi ya gwammace a ce an yi masa sammu da a gan shi a ƙofar wurin, kar a ce ya haukace. Garin da ya ga shekarun Boko Haram sannan ya ga ambaliya, ai ba abin mamaki ba ne barcin mutanensa ya cika da abubuwa. Nawa ne a ajinku suke farkawa a firgice in an fara yayyafi? Ku tambaya ku ji.

Abokina ya je, bayan ja-in-ja na mako uku. Mafarkin bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya ragu, kuma ya sake tattara bayanan bincikensa daga farko. Ranar da ya sa hannu a kwanona ba mu ce wa juna komai ba. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai ɗan tabo a raina. Mutumin da na riƙe wa hannu a saman katanga ya yarda zan iya cutar da shi saboda saƙon minti goma. Na yafe, mantawa ce take ɗaukar lokaci.

Don haka in ka ga kwaɗo a mafarki, kafin ka tura wa kowa kuɗi ka leƙa bayan tagarka, ka tuna abin da ya same ka a shekarun nan, ka yi addu'ar da aka koya maka. In dole sai ka faɗa, ka faɗa wa malamin da ya san ka ko masoyin da ba zai ci riba da tsoronka ba. Allah Ya ba mu barci mai daɗi, Ya sa mu yi difens lafiya. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ina sauraro.