“Babu rezo”: an bar jaki ana dukan taiki

Akwai wata magana da ta kama bakin ma'aikata a ƴan shekarun nan, tun daga manyan ma'aikatun Yamai har zuwa ƙananan birori na karkara, wadda talaka ya haddace ko da bai taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci ba. Maganar ita ce: “Babu rezo, ka komo gobe.” Mai faɗinta ba ya jin nauyinta, domin yana zaune a inuwa, kuma goben za ta same shi a kan kujerarsa. Wanda aka faɗa wa shi ne ya san abin da goben take ci.

A ɗauki misalin gari irin Gidimuni, wanda yake bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, gabas da Damagaram, tsakanin Mirriya da Gure. Magidanci ya yi sammako daga ƙauyensu, ya bar lambunsa ba ban-ruwa, ya biya kuɗin mota ko ya ɗaura wa jaki amalanke, domin wata takarda da ɗansa yake bukata kafin a rufe rajistar jarrabawa. Ya iske ma'aikaci zaune gaban kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ya yi tagumi. Jiya lafiya lau take aiki. Da maraice ta rubuta a fuskarta cewa a dakata, kada a kashe ta, tana sabunta tsarinta, abin da ake kira mizajur da Faransanci. Da gari ya waye, shafin da yake buɗewa kafin ƙiftawar ido ya koma tafiyar hawainiya. Ma'aikacin bai yi ƙarya ba da ya ce babu rezo, iyakar saninsa ke nan. Amma da zai duba wayar salular da ke aljihunsa, wadda take shan intanet daga akwati ɗaya da kwamfutar, da ya ga saƙonni suna shigowa ba fashi. Rezo yana nan. Cutar tana cikin ɗakin, tsakanin akwatin wifi da teburinsa, tazarar da ba ta wuce taki goma ba.

Ba a ce kamfanonin sadarwa ba su da nasu laifin ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ranakun da rezon yake yankewa da gaske, kamar ran 14 ga watan Maris na shekarar 2024, lokacin da manyan wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wahalar intanet. Irin wannan ba shi da magani a hannun ma'aikacin karkara, kuma domin sa ido kan ingancin aikin kamfanoni ne aka kafa hukumar ARCEP. Sai dai duk manomin rani na bakin tafkin Gidimuni ya san cewa cikar tafki daban, isar ruwa ga fangali daban. Idan shuka ta yi yaushi alhali tafki yana cike, magudana ake bi a ga inda shanu suka tattake ta. Ƙasa ta kashe dukiya wajen shimfiɗa wayar fiba, har da layin da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. A shekarar 2025 kuma Starlink ya fara aiki a Nijar, yana sauko da intanet daga taurarin ɗan'adam. Duk wannan tafki ne. Ko ta ƙasa intanet ya zo ko ta sama, takinsa goma na ƙarshe ta iskar ɗaki yake yin su.

To, me yake faruwa a cikin iskar? Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo da dare yana neman Muryar Sahel ko wata tasha mai nisa a gajeren zango ya san amsar, ko da bai san ya sani ba: tasha biyu suna hawa kan juna, maganar wannan ta shiga cikin kiɗan waccan, a rasa wadda za a ji. Wifi rediyo ne, ba wani sihiri ba. Bambancinsa shi ne, inda rediyon gida yake kama mita 31 ko mita 49, zangon da yawancin akwatunan wifi suke aiki a kai, wanda ake rubutawa 2.4 a jikin akwati, tsawon igiyarsa bai wuce santimita 12 da rabi ba. An raba zangon nan layi 13, amma layukan sun matsu har suna shiga cikin juna, uku kaɗai ne ke iya zama ba tare da sun taɓa juna ba, wato na 1 da na 6 da na 11. Kuma fili ne na kowa, ba a neman izini kafin a shige shi. Akwatin biro yana ciki, na mai shagon cajin waya da ke maƙwabtaka yana ciki, kowace salula da aka buɗe domin raba intanet ta zama ƴar tasha mai cin gashin kanta. Bluetooth, wanda ake haɗa abin saurare na kunne da lasifika da shi, a nan yake yawo, yana tsalle daga layi zuwa layi sau 1,600 a daƙiƙa guda. Har ma a shekarar 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa ramin USB 3 da faifan ajiya da ake soka masa suna fitar da hayaniya a daidai wannan zango, ta yadda faifan da aka ajiye kusa da eriyar kwamfuta yakan toshe mata kunne. Ƙa'idar wifi kuwa ita ce kowace na'ura ta saurara, idan ta ji wani yana magana ta jira. Idan maganarta ta haɗu da ta wani ta lalace, ta sake maimaitawa. Jira da maimaitawar nan su ne nawar da ma'aikaci yake gani.

Ginin ma yana da nasa rabo. Katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfin igiyar, ruwa yana shanye ta, ƙarfe yana mayar da ita baya. Akwatin wifi da aka kulle cikin kabad na ƙarfe saboda tsoron ɓarayi, ko aka girke a ƙasa bayan randa, an tsare shi daga sata, an kuma tsare shi daga aiki.

Mai karatu zai ce: ai hayaniyar nan tana nan tun jiya da shekaranjiya, me ya sa sai bayan mizajur cutar ta bayyana? A nan ne gizo yake saƙa. Tsakanin tsarin kwamfuta da ɗan rediyon da ke cikinta akwai wani ƙaramin shiri da masana suke kira pilot, wanda aikinsa aikin tafinta ne: shi yake isar da maganar wannan ga wancan. Sau da yawa sabuntawa takan sallami tsohon tafinta ta kawo sabo, wanda aka yi shi domin dubban na'urori iri-iri, bai san halin wannan tsohuwar na'ura ba. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka wifi da Bluetooth guntu ɗaya suke zaune, eriya ɗaya suke rabawa, kamar kishiyoyi masu murhu ɗaya. Idan sabon tafinta bai iya raba musu kwana ba, girkin kowa ya lalace. Wani lokaci kuma sabuntawa takan mayar da saitin tsimin batir, sai ɗan rediyon ya rage murya duk sa'ad da aka cire caji, abin da yake faruwa kullum a garin da wuta ba ta zama. Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan sauƙi: sabuntawar ba ta ƙare ba, kwamfuta tana ci gaba da jawo manyan kaya a ɓoye, har Windows yana da wani tsari na miƙa wa sauran kwamfutoci gutsattsarin abin da ya jawo. Hanyar da take cunkushe tun da farko ba ta ɗaukar wannan ƙarin lodi.

Wasu masu gyara, da zarar an kai musu irin wannan ƙara, sai su kashe sabuntawa gaba ɗaya su ce an huta. Wannan magani ya fi cutar muni, musamman ga kwamfutar da take ɗauke da sunayen jama'a da takardunsu. A watan Mayu na shekarar 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da yake toshe wannan ƙofa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amma kuma kada a ɗauka duk abin da ya zo daga masu kamfani tsarkakakke ne. Ran 19 ga watan Yuli na shekarar 2024 sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci wajen miliyan 8 da rabi, jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai. Sabuntawa allura ce: a yi ta, amma a san ranar da aka yi ta, a kuma san abin yi idan wuri ya kumbura.

Abin yin kuwa ba ya bukatar injiniya. A soka waya daga akwati zuwa kwamfuta. Idan gudu ya dawo, an wanke kamfani, laifin yana cikin iska. A gwada salula a gefen kwamfutar. Idan ita tana gudu, akwatin ma ya fita, saura kwamfutar kanta. A kashe Bluetooth, a zare faifan da aka soka, a sake dubawa. A fito da akwati daga kabad a rataye shi sama, a sauya masa layi zuwa 1 ko 6 ko 11, ko a koma zangon da aka rubuta wa 5 idan na'urorin biyu suna da shi, domin ya fi faɗi da ƙarancin cunkoso, ko da yake ba ya ratsa katanga sosai, kuma tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba su san shi ba. Idan duk bai yi ba, a cikin Windows akwai maɓallin da yake dawo da tsohon tafinta, an rubuta masa “Restaurer le pilote”. Akwai kuma saitin “Connexion limitée”, mai hana kwamfuta jawo manyan kaya ba da izini ba, wanda ya kamata a ce kowane biro mai sayen intanet da awo ya kunna shi. Duka wannan aikin rabin sa'a ne ga wanda aka nuna wa sau ɗaya. Sau nawa aka nuna?

Nan ne maganar ta bar teburin ƙaramin ma'aikaci ta hau na shugabanninsa. An saba ganin bikin miƙa kwamfutoci, da jawabai da ɗaukar hoto, kowane mai ba da taimako yana kawo nasa akwatin wifi ya jera kusa da na wanda ya riga shi, har ɗaki ɗaya ya tara uku suna ƙwace wa juna iska. Ba a saba ganin kasafin horar da wanda zai kula da su ba. Idan na'ura ta yi ciwo sai a jira wani ya taso daga Damagaram, ko a ɗauke ta a kai wa masu gyara na wajen kasuwar Dole, da sirrin jama'a a cikinta, biro ya zauna kwanaki ba aiki. Alhali ƙasar nan ta taɓa warware matsala irin wannan. Tun shekarun 1960 da 1970, da aka ga likitoci ba za su wadaci kowane ƙauye ba, sai aka zaɓi ƴan agaji da ungozomomi daga cikin mutanen gari, aka ba su horo na ƴan kwanaki da ɗan akwatin magani, aka koya musu abin da za su iya da abin da za su tura gaba. Haka aka yi da masu gyaran famfunan karkara. Babu abin da zai hana kowace gunduma ta sami mutum ɗaya ko biyu, cikin ma'aikatanta ko cikin samarin da suka gama karatu suna zaune, da za a koya wa wannan taimakon farko na kwamfuta.

Sannan da wane harshe za a koyar? Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na shekarar 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayin nan ba zai tabbata da jawabi kaɗai ba, sai ya sauka kan irin waɗannan ƙananan takardu na aiki. Shafi guda da Hausa, mai hotunan maɓallan yadda suke fitowa da Faransanci a fuskar kwamfuta, a manna shi a bangon kowane biro, ya isa ya ceci ranakun aiki masu yawa. Wanda ya koyi auna taki da lissafin kuɗin ƙungiyar manoma a ajin yaƙi da jahilci ba zai gaza gane layi uku na wifi ba.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Microsoft yana fitar da gyare-gyarensa na wata-wata ranar Talata ta biyu ga kowane watan Bature, kuma Windows yana ba da damar jinkirta sabuntawa har mako biyar. Ke nan shugaban biro yana iya tsarawa kada ta faɗo a ranar kasuwa, lokacin da mutanen ƙauye suke cika ƙofa, ko a makon rufe rajista. Ya kuma ajiye ɗan littafi a gefen kowace kwamfuta, a riƙa rubuta ranar da ta sabunta da abin da aka gani bayan nan. Littafin yana da amfani saboda bayan babbar sabuntawa kwana 10 kaɗai Windows yake ajiye tsohon tsari domin mai son komawa; ma'aikacin da ya yi mako biyu yana cewa babu rezo, kafin mai gyara ya iso daga birni wannan ƙofa ta riga ta rufe.