MAI CEWA A YI SULHU, SHIN MACI AMANA NE?

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S.A.W.), ya ɗan'uwa mai karatu, ga wata magana da ta tsaya mini a rai.

Kwanan baya muna zaune ƙofar masallaci nan Malisa bayan sallar Isha'i, sai hira ta gangaro kan ɓarayin daji. Wani dattijo ya ce shi a ganinsa bindiga ita kaɗai ba ta kashe wagga wuta, tilas wata rana a zauna a yi magana. Bai rufe baki ba wani saurayi ya ce, "Haba Baba, wannan ai maganar infoma ce!" Dattijon bai tanka ba, ya ɗauki takalmansa ya nufi gida. Tun daga ranar bai sake zama cikinmu ba. Kai ma ka san nauyin wannan kalma a ƙasarmu yau: tana iya sa a halaka mutum tun ba a tambaye shi komai ba.

Kada ka ɗauka cewa nake yi saurayin ba shi da dalilin fushi. Yana da shi, wallahi. A watan Yunin 2021 anka sace ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su ga iyayensu ba sai 2023. A 2019 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun yi sulhu da 'yan bindiga, ba a daɗe ba gwamnonin da kansu sunka fito sunka ce an yaudare su. Duk wanda ya ga wannan, in ya ji kalmar sulhu dole ransa ya ɓaci. Amma fa ƙin ra'ayin mutum daban, jifansa da cin amana daban.

Mu waiwaya tarihin gidanmu. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru, ɗan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya rasa ransa a fagen wanga yaƙi. Ka ga jinin sarki guda ya zuba ke nan. Amma duk da haka a 1867, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, anka ƙulla amana da Sarkin Kabi Abdullahi Toga, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Ita ce ake kira Lafiyar Toga. To, Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu Usmanu ne na cikinsa. Wa zai tashi ya ce masa matsoraci ko maci amanar jihadi?

Za ka ce ai amanar ta warware. Gaskiya ne, a 1875 yaƙi ya komo, kuma bai ƙare ba sai zuwan Turawa. Amma shekara takwas ɗin nan da manomi ya yi shuka ya girbe, falke ya bi hanya ya komo gida, banza ce? Kuma a ƙarshe me ya wanke zukata? Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ita ce mafarin bikin kamun kifin da duniya ta sani. Yau Gwandu da Argungu jiha ɗaya muke, ana auratayya, ana cin kasuwa tare.

Ɗaliban Sira kuwa sun san Hudaibiyya. A shekara ta 6 bayan Hijira Annabi (S.A.W.) ya yi sulhu da Ƙuraishawa, Musulmi sunka koma Madina ba su yi Umra ba. Abin ya yi wa Sahabbai nauyi, har Sayyidina Umar (R.A.) ya je ya faɗi abin da ke ransa. Lura da kyau: tambaya ya yi, aka ba shi amsa. Da ɓangaren Ƙuraishawa ya karya alkawari, aka tafi aka buɗe Makka a shekara ta 8. Ashe wanda ya san lokacin sulhu shi ne ya san lokacin yaƙi. Haka Sayyidina Hasan (R.A.) ya bar wa Mu'awiya (R.A.) mulki a shekara ta 41 don jinin Musulmi ya daina zuba. Wasu daga cikin mutanensa sunka zarge shi a kai, amma malamai sunka sa wa shekarar suna Shekarar Haɗin Kai.

To, me ya kamata saurayin nan ya ce? Da ya ce, "Baba, Kabawa suna da sarki ɗaya wanda in ya sa hannu kowa ya bi. Waɗannan kuwa daba-daba ne, ka shirya da wannan wancan ya far maka. Da wa za a zauna? Wa zai karɓe makamansu? Wa zai biya diyyar waɗanda anka kashe?" Wannan ita ce hujja, kuma tana da ƙarfi. Da ita ya kawo, da Baba ya amsa ko ya sallama, mu duka mu ƙaru. Amma da ya jefe shi da ƙazafi, sai munka rasa amsar, munka rasa dattijon.

Shi ma mai kiran sulhu akwai adalcin da ke wuyansa. Kada ya buɗe baki da koken ɓarawo ya manta da marayu da gwagwaren da ɓarawon ya bari. Kada ya kira mai kare garinsa mai son jini. Suratul Hujurati da ta umurce mu da sasanta masu faɗa, ita ce ta umurci a yaƙi ɓangaren da ya yi zalunci har ya komo kan hanya, sannan a sasanta da adalci. Kuma ita ce dai ta hana mu yawan zato, ta ce a binciki labari kafin a ɗauke shi. In akwai shaidar mutum na kai wa ɓarayi labari, ga hukuma nan, ga alƙali. In babu, to ka kama bakinka.

Ya ɗan'uwa ɗalibi, gobe kai ne limami, kai ne malami, kai ne mai unguwa. Koyi jin maganar da ba ka so har mai ita ya kai aya, sannan ka rushe ta da hujja in kana iyawa. Ni dai na yi niyyar in je gidan dattijon nan da saurayin, ya ba shi haƙuri, sannan ya yi masa tambayoyin nan uku.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda munka rasa, ya tsare harsunanmu daga ƙazafi. Amin. Wassalamu alaikum.