Bayan An Sallamo Shi: Zaman Aure Da Shanyewar Ɓarin Jiki

Ranar da aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, gida yakan cika da 'yan dubiya. Bayan mako biyu ƙafa ta ɗauke, a bar mutum biyu, majinyaci da matarsa. Ciwon a jikin mutum ɗaya yake, amma su biyun ne suke buƙatar kulawa.

Wannan ciwo daga ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce take toshewa ko ta fashe, galibi saboda hawan jini, ba bugun iska ba ne. Idan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓu, gefen dama na jiki ne yake shanyewa, kuma sau da yawa magana takan sarƙe. Sai dai rashin iya furta kalma ba gushewar hankali ba ne. Da yawansu suna fahimtar abin da ake faɗa sarai. Don haka uwargida, kada ki bari a zauna a kansa ana zancensa kamar ba ya nan. Ki yi masa gajeriyar tambaya mai amsar e ko a'a, ki jira shi. Ki ci gaba da neman shawararsa kan kuɗin makaranta da auren 'ya'ya. Har yanzu shi ne maigida.

Akwai kuma tausayin da yake cutarwa. Watanni 3 zuwa 6 na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, saboda haka kada a yi wasa da zuwa gashi a asibiti. Abin da zai iya yi da kansa, ki bar shi ya yi, ko da cokali zai ɗauki minti goma. Wajen sa riga, a fara da hannun da ya shanye, kuma kada a taɓa janyo shi ta wannan hannun, kafaɗar tana iya gocewa. In ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya. Abinci kuwa a zaune za a ba shi, kaɗan-kaɗan. Idan yana yawan ƙwarewa, a sanar da likita, domin abinci kan faɗa huhu.

Mata da yawa sukan ce mana, "Sista, ya canza, abu kaɗan sai faɗa, wani lokacin sai kuka." Ba ƙinki yake yi ba. Ciwon kan taɓa yanayin zuciya, kuma kusan mutum 1 cikin 3 da suka yi shi suna fama da ciwon damuwa, wanda yake da magani. Haka ma mu'amalar aure, da kunya take hana mu tambaya. Yawancin ma'aurata suna iya komawa gare ta idan jiki ya daidaita, bayan shawarar likita. Wasu magungunan hawan jini suna rage kuzari. Kada ya daina sha a ɓoye, a faɗa wa likita ya canza masa.

Ke kuma mai jinya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zauna da dangi a raba aiki dalla-dalla: wa zai ɗaga shi ya yi masa wanka, wa zai kai shi gashi, wa zai sayi magani. Idan da abokiyar zama, a raba kwanan jinya cikin adalci. Ki auna jininki ke ma, ki samu barci. In kuwa maƙwabciyarki ce ko 'yar'uwarki take wannan hali, "sannu" kaɗai ba ta isa ba. Ki kai mata girki, ki kwashe mata yara, ko ki zauna awa biyu ta runtsa.

Idan matar ce ta kwanta fa? Nan ne aka fi rauni. Sau da yawa sai a mayar da ita gidan iyayenta jinya, miji ya riƙa leƙowa jefi-jefi. Ko da dole ta sa aka yi haka, ya riƙa zuwa kullum, ya kai ta asibiti da kansa, ya kawo mata yaranta. Ku nuna wa mazajenku wannan sakin layi tun ana lafiya.

A ƙarshe, ciwon yana iya dawowa. A riƙe magani, a rage gishiri da dunƙulen miya. Da zarar baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, addu'a a yi ta a hanya.

Wadda ta taɓa wannan jinya, ta gaya mana a ƙasa abin da ya fi taimaka mata, wata za ta ƙaru. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.