Kafin ka biya kuɗin AWD, tambayi gwiwarka ta dama

1/ Zaren yau na masu shirin sayen babbar mota ne, irin su Lexus GS da IS, Mercedes E-Class, BMW 5 Series. Kowa yana duba fenti, fitila da lambar baya. Kusan ba wanda ke duba inda ƙafarsa za ta zauna na awa biyar. Ra'ayina: a hanyoyinmu, mai jan baya ta fi wa yawancin direbobi daɗi.

2/ Mu fara daga tushe. RWD na nufin tayoyin baya ne ke tura motar. AWD kuma duka huɗun ne ke ja. Mercedes na kiran nata 4MATIC, BMW na cewa xDrive, Lexus dai AWD kawai take rubutawa a but. Mota ɗaya ce, jiki ɗaya, amma ƙarƙashinta ba ɗaya ba ne.

3/ A irin waɗannan motoci, injin yana kwance ne a tsaye, daga gaba zuwa baya. Giyabos na manne a bayansa, ya shigo har tsakanin ƙafar direba da ta mai zaman gaba. Wannan tudun da kake ɗora hannu a kai, ƙarfe ne a ƙarƙashinsa. Daga nan farfela ke tafiya zuwa tayoyin baya.

4/ To idan aka ce tayoyin gaba ma su ja fa? Sai an ƙara akwatin raba ƙarfi a bayan giyabos, sannan a fito da farfela ta biyu ta koma gaba, ta gefen giyabos ɗin. Wannan ƙarfen dole ya samu hanya. Ina zai bi? Ta gefen ƙafar wani daga cikinku.

5/ Shi ya sa a wasu motocin ƙasan motar ke kumburowa ya yi tozo. Misalin da ya fi shahara shi ne Lexus IS da GS masu AWD. Tozon yana ɓangaren direba, daidai inda ƙaurin ƙafar dama ke hutawa. Masu gwajin motoci a Amurka sun daɗe suna ƙorafi a kansa. Shiga mai jan baya ta shekarar, ba za ka same shi ba.

6/ Ba kowane kamfani ne ya bi hanya ɗaya ba. Mercedes ta bi da farfelar gaba ta hannun dama. Tunda sitiyarinmu a hagu yake, ɓangaren fasinja ke nan, direba ya tsira. BMW ta hagu ta bi da tata. Don haka kar ka yi wa duka AWD kuɗin goro, kowace ka zauna a cikinta ka ji.

7/ Wani zai ce: ai na duba a intanet, faɗin wurin ƙafa iri ɗaya aka rubuta wa duka biyun. Haka ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Awon da suke bugawa tsawo ne, daga ƙugu zuwa ƙafar da ke kan totur. Bai ce komai a kan faɗi ba. Tozon kuwa daga gefe yake cin wuri.

8/ Wato takarda za ta ce maka ƙafarka za ta miƙe. Ba za ta faɗa maka cewa ba za ka iya buɗe gwiwa ba, ko ka ja diddige baya ka huta idan ka saka motar a gudu ɗaya. Tsawo daban, sakewa daban.

9/ A zagayen minti goma da dillali zai ba ka, ba abin da za ka ji. AC na busawa, kiɗa na tashi, kai kana lissafin yadda za ka shiga unguwa. Amma Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Kafin ka kai Kaduna ƙafar dama ta fara magana, daga Kaduna zuwa gaba ƙugu ya karɓa.

10/ Dalilin mai sauƙi ne. Idan ƙafa ba ta samu wurinta ba, mutum yakan ɗan karkata zamansa ba tare da ya sani ba. Nauyi ya koma gefe ɗaya, cinya ta ƙage, baya ya fara tsami. Kuma gajiyayyen direba ba maganar daɗi ba ce kawai, maganar kai wa gida lafiya ce.

11/ Wa abin ya fi shafa? Dogaye, masu jiki, da masu zama da gwiwa a buɗe. Gajeru ma ba su tsira ba, domin idan ka matso da kujera gaba, ƙafarka na ƙara kusantar tudun tsakiya. Ƙara da babbar riga ranar ɗaurin aure, ko takalmi mai faɗi. Wurin da dama ya matse sai ya ƙara matsewa.

12/ Yanzu tambayar da ta fi muhimmanci: me aka ba ka a madadin wannan wurin? AWD na taimakawa wajen tashi da riƙe hanya a kan santsi, musamman ƙanƙara. Don mutanen Kanada da arewacin Amurka aka fi yin waɗannan. Shi ya sa suka cika kasuwar tokunbo: daga can ake kwaso su, ba don an yi su domin Zariya ba.

13/ Kuma motar da ta yi shekaru a garin ƙanƙara ta sha gishirin da ake zuba wa tituna lokacin sanyi. Idan ka ga AWD a bayan tokunbo, ka sa a ɗaga ta a duba tsatsa a ƙasa. Wannan shawara ce kyauta.

14/ Na san amsar da ke zuwa: "Malam, damina fa? Hanyar garinmu fa?" Gaskiya AWD na taimakawa a kan jiƙaƙƙen titi da ɗan taɓo, ban musa ba. Amma ba ta rage nisan tsayawa idan ka taka birki, wannan aikin taya ne. Kuma ba ta mayar da doguwar mota mai ƙasa-ƙasa ta zama Hilux. Cikinta ne zai fara zama a kan yashi.

15/ Ga kuma kuɗin da ke biyo baya. Ƙarin ƙarafa na nufin ƙarin nauyi da ƙarin shan mai, a wannan farashin da muke ciki. Akwai man akwatin raba ƙarfi, akwai na aksil ɗin gaba. Tayoyi huɗun kuma ana so su zama girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. Al'adarmu ta canza taya ɗaya da ta hannu ba ta yi wa AWD daɗi.

16/ Wani abin da da yawa ba su sani ba: daga samfurin 2014, Lexus IS 350 da GS 350 masu jan baya sun samu giya 8, masu AWD kuwa aka bar su da giya 6. Ka biya ƙari, an rage maka wurin ƙafa, an kuma bar ka da tsohon giyabos. Ina ribar?

17/ Don kar a rikice: ES 350 da ta cika titunanmu ba ta cikin wannan magana. Ita mai jan gaba ce, injinta a gicciye yake, giyabos bai shigo tsakanin ƙafafu ba. Haka motocin lantarki irin Tesla masu mota biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ba farfela a tsakani, ba tozo.

18/ Gaskiyar da ba a so: da yawanmu lambar muke saye. 4MATIC a but na ƙara wa mota kwarjini a wurin biki. Ba laifi ba ne, kuɗinka ne. Amma masu kallon lambar a waje suke, ƙafar da ke ciki taka ce. Idan kuma direba za ka ɗauka, shi ma mutum ne, kuma ranka a hannunsa yake.

19/ Ga gwajin da zan ba kowa. Saita kujera da sitiyari yadda kake tuƙi da gaske. Ɗora ƙafa a totur, ka saki gwiwa ta faɗi dama. Ja diddige baya. Kai ƙafa birki ka dawo sau da yawa. Shafa kafet da hannu ka ji ko akwai tudu. Ka zo da takalmin da ka saba tuƙi da shi.

20/ Sannan ka nemi mai jan baya ta samfurin, ka zauna a cikinta a ranar, kafin jikinka ya manta. Kar ka yarda da "za ka saba, ranka ya daɗe". Kujera ana gyara ta, taya ana canzawa, amma ƙasan mota ba bakaniken da zai faɗaɗa maka shi.

21/ Idan hanyarka ta kullum na buƙatar AWD, kuma ka zauna ka ji ƙafarka ta sake, saya hankali kwance. In ba haka ba, ɗauki mai jan baya, ka sa ragowar kuɗin a tayoyi masu kyau. Masu GS da IS AWD, ku zo ku faɗa mana: bayan tafiyar awa huɗu, yaya gwiwa?