Idan Hajiya Ta Fara Cewa An Sace Mata Kuɗi

Wata baiwar Allah ce ta ja ni gefe a gidan suna tana hawaye. Shekara 14 tana zaune da uwar mijinta ba a taɓa jin kansu ba, amma yau wata takwas ke nan kullum Hajiya sai ta ce ta sace mata kuɗi. A ɗaga katifa a gan su, ko a tsince su cikin kwanon tuwo. Ta ci abinci ta wanke hannu, baƙi na shigowa ta ce tun safe ko koko ba a ba ta ba. Maigida ya fara yarda, dangin miji sun fara ƙus-ƙus, har an kai ga cewa ta je gida tukuna.

'Yar uwa, idan ke ma haka gidanki yake, ki sani Hajiya ba sharri take miki ba. Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba hali ba ne, ba maita ba, ba kuma kowane tsoho ne yake yin sa ba. Ita ta ajiye kuɗin, ƙwaƙwalwarta ta kasa riƙe inda ta sa, sai zarginta ya faɗa kan wadda ta fi kusa da ita, wato ke mai shiga ɗakin kullum. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayaninta a 1906. Wani nau'in kuma yana biyo bayan hawan jini, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa masu wannan lalura sun haura miliyan 55, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Abu na farko asibiti, kuma ki lallaɓa maigida ya kai ta da kansa, domin abin da ya ji daga bakin likita ya fi wanda zai ji daga bakinki. Wani ruɗewar yana warkewa: ciwon mafitsara, ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, damuwa mai tsanani, ko tarin magungunan da take sha, duk suna iya rikita tsoho. In ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, kada a jira. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin gwamnatin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Na san wasu za su ce ba za a kai uwarsu "asibitin mahaukata" ba. To kunyar nan ita ce ke kashe aure. Gaskiya babu maganin da ke warkar da Alzheimer, amma irin su donepezil da memantine suna rage wa wasu alamomin na ɗan lokaci, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su. Ki guji sayo mata maganin barci a kemis don ki samu sakewa, yana ƙara ruɗa ta, yana kuma kayar da ita.

Sauran aikin a gida yake, domin mu nan ba mu saba da gidajen rainon tsofaffi irin na Ingila ba. Kada ki yi gardama da ita. In ta ce an sace, ki ce "Hajiya bari mu duba tare." In ta nemi mijinta da ya rasu tuntuni, kada ki sabunta mata mutuwar kullum, ki tambaye ta labarinsa, za ki sha mamakin abin da take tunawa na shekara hamsin baya. Ki bar mata buta, carbi da shimfiɗarta inda ta saba, lokacin ci da wanka ya zama ɗaya. Da yawa daga cikinsu daga la'asar sakaliya zuwa magariba suka fi rikicewa, su ce za su tafi gida, don haka a kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara. A rufe rijiya, a ɗauke ashana, kananzir da maganin ɓera. A ɗinka lambar wayar maigida a jikin mayafinta, a kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa, don kada ta fita ta ɓace a taru a kanta ana ce mata mayya.

Batun salla kuwa, za ki ga ta yi azahar sau uku ko ta yi ba alwala. Malamai sun yi bayanin cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin ibada. Ki tuna mata a hankali, batun azuminta kuma a tambayi malamin da aka amince da shi.

Sai ke kanki. Jinyar nan tana iya kai shekara takwas ko goma, kuma mace ɗaya ba za ta iya ba, ga yara ga girki ga rashin barci. Ranar da kika ji kin daka mata tsawa kin koma ɗaki kina kuka, gajiya ce, ba rashin imani ba. Hajiya tana da 'ya'ya, kuma haƙƙinta a kansu yake kafin ya zo kanki. A zauna a raba: wane kuɗin magani, wance kwana biyu a mako, in da hali a ɗauki dattijuwa mai taya ki da rana. Kuɗinta da takardun gida ko gona a damƙa wa mutum biyu da shaidu tun tana gane mutane, a riƙa rubuta abin da aka kashe. Ita waccan baiwar Allah, na ce ta sayi littafi ta riƙa rubuta abin da Hajiya ta yi da ranar da ta yi shi, ta riƙe shi ranar ganin likita, ta kuma roƙi babbar yayar mijin ta zo ta kwana uku a ɗakin.