Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Kula da Hannun Mai Ciwon Ƙandarewar Fata

Ranar 29 ga watan Yuni na shekarar 1940 mai zanen nan Paul Klee ya rasu a ƙasar Suwizalan, bayan ya sha fama da ciwon ƙandarewar fata, wanda likitoci ke kira sikilerodama. Domin tunawa da shi ne aka keɓe wannan rana kowace shekara don wayar da kai game da ciwon.

Asalin ciwon shi ne garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya. Sai jiki ya riƙa tara sinadarin kolajin fiye da kima, fata ta yi tauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Ya fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma yakan taɓa huhu da ƙoda da maƙoshi. Amma a hannu yakan fara bayyana. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, yatsunsu kan koɗe su yi zogi idan sanyi ya taɓa su, alamar da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862. Daga nan gyambo kan fito a kan yatsu, gaɓoɓi su lanƙwashe, har riƙe alƙalami ko ɗaura zane ya gagara.

Abin lura a nan shi ne, babu likita guda da zai iya da wannan hannu. Likitan gaɓoɓi shi ne zai ba da magani irin su nifedifin domin buɗe jijiyoyi. Ma'aikaciyar jinya ita ce za ta wanke gyambo kafin ya ruɓe. Masanin gashin ƙashi zai ɗumama hannun da narkakken kakin farafin, ya koyar da miƙe yatsu kullum. Idan jini ya ƙi gudana, sai likitan fiɗa ya shigo. Shi kansa majiyyaci yana da nasa aikin: sa safar hannu lokacin hunturu, da barin taba.

Wani zai ce ƙwararru sun yi ƙaranci, ina za a tara su wuri guda? Gaskiya ne, amma rarraba majiyyaci ya fi tsada. Wanda aka tura ɗaki huɗu a ranaku huɗu, kowa da takardarsa, yakan gaji ya koma gida, sai ya dawo ranar da ba abin da ya rage sai yanke yatsa. Rana ɗaya a wata, da fayil ɗaya da kowa zai rubuta a ciki, ba su fi ƙarfin asibitin koyarwa ba.

Har yanzu ciwon ba shi da maganin warkewa, amma ana iya ceton hannu. Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai cewa jinya da gashin ƙashi ba ƙananan fannoni ba ne. Haka kuma, duk wanda aka ga yatsunsa na ƙandarewa, kada a yi gaggawar cewa kuturta ce ko sammu. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A hanzarta kai shi asibiti.