Dafin kunama da ciwon daji: mu daina turawa, mu fara bincike

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman na Gwagwalada.

Kwanan nan duk zauren WhatsApp da ka leƙa sai ka ga an turo cewa dafin kunama na maganin ciwon daji. Wasu har da lissafin miliyoyin da za a samu in an tatsi kunama. Don Allah mu tsaya, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Maganar tana da tushe fa. A cikin dafin wata kunamar hamada mai suna Leiurus quinquestriatus, ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, akwai wani ɗan guntun furotin da ake kira kulorotoksin. An gano shi a 1993, daga baya masana suka lura yana manne wa ƙwayoyin sankarar ƙwaƙwalwa fiye da lafiyayyun ƙwayoyi. A Amurka, Dakta Jim Olson da abokan aikinsa sun haɗa shi da wani rini mai ƙyalli, don ƙarin ya haska a lokacin tiyata, likita ya ga inda zai yanke. A 2020 kuma cibiyar City of Hope ta fara gwada shi a jikin majinyata, inda yake yi wa sojojin garkuwar jiki jagora zuwa wurin ciwon.

Ku lura da kyau: jagora yake yi, kuma ba ɗanyen dafi ake ɗirka wa mutum ba. Sinadari ɗaya aka ware daga cikin masu yawa, ana harhaɗa shi a ɗakin gwaji. Harbin kunama bai taɓa zama magani ba, ita wannan ma tana iya kashe yaro. Ko Vidatox da ƙasar Kuba ke sayarwa, babu ƙwaƙƙwaran gwajin da ya tabbatar yana warkar da daji.

Abin tsoron shi ne, a gida mu ake kallo a matsayin masu boko. Ka tura saƙon nan, goggonka mai ƙullutu a mama ta ji, ta fasa zuwa Asibitin Ƙasa, ta bi mai tallan ruwan kunama. Kafin a farga ciwo ya ci jiki. Wallahi wannan alhaki ne.

To me ya kamace mu? Mu duba Idu, nan cikin Abuja. Cibiyar NIPRD ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa, ta bi da shi ta matakan gwaji har aka samu Niprisan na masu ciwon sikila. Haka ake yi: a tace, a auna, a gwada, sannan a yi magana.

Mu da muka tashi muna kakkaɓe takalmi saboda kunama, me zai hana ɗalibin bayokemistiri ko zuloji ya yi furojet a kan ire-iren kunamun garinsu? Ga NIPRD, ga cibiyar kimiyya ta Sheda kusa da mu a Kwali. Masu neman wurin horon sanin makamar aiki, ku ƙwanƙwasa ƙofa. Ku je da shawarar malami, kar wani ya tafi farautar kunama da hannu.

Mai ciwo kuma a kai shi asibiti da wuri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ilimi mai amfani.